BRF ko Word: wanne za ka roƙa a turo maka?

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce an turo maka littafin darasi a fayil ɗin BRF, wato fayil ɗin birel, rubutun makafi na ɗigo-ɗigo, ka buɗe shi a Notepad, NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta, ta yi ta furta waƙafi da alamar motsin rai da baƙaƙen da ba su haɗa kalma ba. Kana tambaya ko fayil ɗin ne ya lalace, ko ka koma JAWS, wata manhajar irinta da ake saya, sannan nan gaba wanne za ka roƙa tsakanin BRF da Word.

Fayil ɗinka lafiyarsa lau, NVDA ma haka. Ko ka sayi JAWS, abin da zai karanta maka ke nan. BRF ba don kunne aka yi shi ba, don yatsu aka yi shi da injin buga birel.

Ga yadda abin yake. Gidan birel ɗigo shida ne, kuma hanyoyin jera su 64 ne idan aka haɗa da gidan da babu ɗigo. Sai aka ba kowane gida baƙi ko alama guda daga cikin na kwamfuta. Abin da ke cikin BRF waɗannan alamomin ne, an riga an juya rubutun zuwa birel an gama. Kalmar Turanci "The" za ka tarar da ita a matsayin waƙafi da alamar motsin rai, domin waƙafin yana tsaye ne a madadin ɗigo na 6 mai nuna babban baƙi, alamar motsin ran kuma ita ce taƙaitawar kalmar. Shekarar 2024 tana zama #BJBD. Murya ba ta san wannan yarjejeniyar ba, abin da ta gani shi take faɗa.

Idan kana da allon birel, wato na'urar da ke fito da ɗigon birel a ƙarƙashin yatsa, to BRF yana karantuwa, amma akwai tarko ɗaya da ya ci min kwanaki a farkon zamani na. NVDA tana da mai juya rubutu a cikinta, Liblouis, kuma duk abin da ya zo mata sai ta juya shi zuwa birel. Ka ba ta abin da aka riga aka juya, sai ta sake juyawa, ka ji wani irin cakuɗe a ƙarƙashin yatsunka. Maganinsa: danna maɓallin NVDA (Insert ko Caps Lock) da N, ka shiga Preferences, Settings, Braille, ka mayar da Output table zuwa birel ɗin kwamfuta na Amurka mai ɗigo takwas. Nan take kalmomin za su daidaita. Idan an rubuta fayil ɗin da manyan baƙaƙe za ka ji ɗigo na 7, ɗaya daga cikin ƙarin ɗigo biyun, yana bin su a ƙasa. Yana damun yatsa, amma bai ɓata ma'ana ba. In ka gama, ka tuna ka mayar da saitin yadda yake. Na'ura irin Orbit Reader 20 ta fi sauƙi a nan, ka sa fayil ɗin a katin SD ka karanta babu kwamfuta.

Word kuwa rubutu ne na ainihi. Kunne zai ji shi daidai, allon birel ma zai nuna shi, domin NVDA na juyawa a lokacin da kake karatu. Kana son cikakken birel yau, gobe mai taƙaitawa, saiti ɗaya za ka taɓa. Kana neman kalma, Control da F ta wadatar. A BRF sai ka san taƙaitacciyar siffar kalmar kafin ka same ta. Ka danna NVDA da Space a cikin Word, sai ka riƙa tsallake daga kan babi zuwa kan babi da baƙin H, muddin mai bugawa ya sa musu tsarin Heading ba ƙara musu kauri kawai ya yi ba. BRF ba shi da wannan. Kan babi a wurinsa layi ne da aka tura tsakiya da fili.

Akwai kuma maganar faɗin layi. Yawancin BRF an tsara shi ne a kan gida 40 a layi, layi 25 a shafi, daidai da takardar injin bugawa. Mai allo mai gida 20 zai riƙa cin karo da gutsattsarin layi da lambobin shafi a tsakiyar magana. Word ba ruwansa da wannan.

Sai bambancin ƙa'ida. Najeriya ta karɓi tsarin UEB, wato ƙa'idar birel ɗin Turanci ta bai ɗaya, tun 2005, Amurka kuwa sai 4 ga Janairu 2016 ta fara aiki da shi. Don haka tsofaffin littattafan BRF da ke yawo daga can, da yawansu a tsohon tsari suke, da taƙaitawar da UEB ta soke guda tara, irin su "ble" da "com" da "ation". Wanda ya koyi UEB zalla sai ya ɗauka kuskure ne. Ba saitin da zai canza maka wannan, yadda aka juya shi haka zai zauna.

Kada ka ɗauka Word ba shi da nasa ciwon. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne rubutun Hausa da aka buga da tsofaffin fon, waɗanda suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan wasu alamomi. Mai ido yana ganin "ƙasa", ni kuwa NVDA tana ce min alamar baka ce sannan "asa". Sai ka yi amfani da Find and Replace ka mayar da kowace alama baƙinta na gaskiya, kuma ka yi haka kafin a juya fayil ɗin zuwa birel. Haka lissafin da aka manna a matsayin hoto, shiru za ka ji a wurin. Idan kuma PDF aka ba ka wanda hoton shafi ne kawai, NVDA da R za ta gwada gane baƙaƙen, amma kada ka dogara da ita a kan lambobi.

Inda BRF ya yi zarra shi ne aikin da ƙwararren mai juyawa ya zauna ya tsara da hannu: lissafi, jadawali, waƙa mai baiti, takardar jarrabawa. A nan an riga an yanke inda kowane abu zai zauna, kuma abin da ka taɓa a allo shi ne zai fito a takarda. Juyawar da NVDA ke yi a take ba ta kai wannan ba.

Da ni ne kai, Word zan fara roƙa. Daga Word ana fitar da BRF cikin 'yan mintuna da manhajar Duxbury, ko BrailleBlaster wadda kyauta ce. Komowa daga BRF zuwa rubutun ainihi yana yiwuwa, sai dai sau da yawa tsarin shafi yakan watse, kuma sai ka bi kana gyara. Littattafan lissafi da kimiyya kaɗai zan ce ka nace a ba ka BRF, ka kuma tambaya da wane tsari aka juya shi da kuma gida nawa ne a layi. Wannan da ke hannunka, idan ba ka da allon birel, ka koma wurin wanda ya turo maka ka roƙi ainihin fayil ɗin da aka juya shi daga ciki.