Kwas ɗin iskar asibiti: na Ingila, na Amurka, na intanet ko a kira mai koyarwa gida?

Wani abokin aikina da aka ba riƙon sashen gyare-gyare a wani asibiti ya kira ni kwanaki, wai an sa musu ɗan kuɗin tirenin a kasafin bana kuma MD, wato shugaban asibitin, ya ce ya kawo sunan kwas kan iskar asibiti kafin ƙarshen wata, shi kuma ya shiga intanet ya ga satifiket kala-kala har kansa ya ɗau zafi. Na ce masa Injiniya kafin ka kalli kowane kwas tukuna, ɗau biro ka zaga asibitinku ka rubuto min me kuke da shi a ƙasa. Silinda ce kawai ake gungurawa zuwa gefen gado? ko akwai ƙananan injinan tace oksijin ɗin nan masu lita 5 da lita 10? ko an kafa muku babban injin PSA, mai tace oksijin daga iska, bayan korona? ko kuna da tankin oksijin na ruwa da bututu a cikin bango har tiyata? Don kowane kwas da za ka gani akwai irin asibitin da aka rubuta shi dominsa, kuma yawancinsu ba irin namu ba ne.

Bari in fara da na Ingila tunda shi mutanenmu suka fi so, ƙila don biza da kuɗin guzuri. Tushensa wata takarda ce HTM 02-01 da ma'aikatar lafiyarsu ta fitar a 2006, kashi biyu ce, na farko kan zanawa da shimfiɗa bututu da gwajinsa, na biyu kan tafiyar da shi yau da gobe, kuma na biyun ne ya shafi manaja. Abin da ya burge ni da tsarinsu shi ne sun raba aiki da suna, akwai wanda aka ba izini da suke kira AP wanda shi ke riƙe da tsarin bututun gaba ɗaya, akwai ƙwararren da ke taɓa ƙarfe da hannunsa, akwai mai haɗa magunguna da ke gwada ingancin iskar kafin a mayar wa majinyata, akwai kuma babbar nas ko likitan da sai da sa hannunsu za a kashe iskar wani sashe. Babu wanda zai rufe bawul sai da takardar izinin aiki. Kwas ɗin AP kusan sati guda ne a wurare irin su Eastwood Park, da jarrabawa, sannan duk shekara 3 sai ka koma an sabunta maka. To wannan sabuntawar fa ita ake mantawa wajen lissafi, a biya na farko da fam ɗin Ingila da tikiti da otal, bayan shekara uku babu mai ko tuna zancen. In kuna da bututu na gaske, musamman in kan bangonku, wato bakin da iskar ke fitowa a jikin bango, irin na Ingila ne, wannan kwas ɗin ya ci kuɗinsa. In silinda kuke gungurawa kuwa, ka je ka koyo tuƙin tirela ne alhali Keke Napep gare ku.

Na Amurka kuma dokarsu NFPA 99 ce, satifiket ɗin kuma jerin ASSE 6000 ne, kuma a nan ne mutane ke sayen abin da ba nasu ba don lambobin sun yi kama. 6010 na masu shimfiɗa bututu ne, sai kana da shekara 4 a aikin, ka yi awa 32 a aji, kuma a gwada waldarka ta jan ƙarfe. 6020 na masu duba aiki, 6030 na masu tantancewa kafin a buɗe wa majinyata. Wanda ya shafi masu kula da gyara shi ne 6040, sai 6005 na sanin abin gaba ɗaya ga manaja ko mai zane wanda ba zai riƙe sifana ba. Su ma a bugun 2021 na dokar sun shigo da mutum ɗaya da asibiti zai ɗora wa alhakin iskar, da takardar izinin aiki, kusan dai abin da Ingila ta daɗe tana yi. Ana samun wasu daga cikin darussan nan ta intanet, wannan ya rage tsada. Amma a kula da abu ɗaya, launi. A Amurka silindar oksijin koriya ce, iskar numfashi ta asibiti kuma ruwan ɗorawa, a tsarin ISO na ƙasa da ƙasa kuwa oksijin farar kafaɗa gare ta, iskar numfashi kuma baƙi da fari. Ma'aunin ƙarfin iska ma su psi suke ƙirgawa, 50 zuwa 55 a bututu, wanda ya yi karatu a tsarin Ingila zai ce maka wajen bar 4 a nasu ma'aunin. Mu kuma sitonmu haɗin gambiza ne, za ka ga baƙa mai farar kafaɗa kusa da koriya kusa da wata da fentin ya goge gaba ɗaya, kayan tallafi daga ƙasa uku kowanne da irin bakinsa. Wanda ya haddace launin Amurka kaɗai ya dawo yana koya wa masu ɗaukar silinda, wallahi matsala ya kawo. Malami na kirki ce maka zai yi karanta rubutun da ke jikin silinda, launi taimako ne kawai.

Sai na kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na da darussa a intanet kan oksijin, kuma a 2023 sun fitar da littafi kan tushen tsarin oksijin na asibiti wanda aka rubuta da irin ƙasashenmu a zuciya, shekarar ce ma babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri kan wadata asibitoci da oksijin, Najeriya ma tana da nata tsarin na ƙasa na 2023 zuwa 2027. Data kawai za ka ƙona. Ni ina ganin duk manaja ya kamata ya fara da wannan kafin ya kashe ko sisi, ko don ya iya lissafi, misali babbar silinda cike tana ɗauke da wajen lita 6,800, in majinyaci na shan lita 5 a minti za ta kai shi kusan awa 23, in an ƙara zuwa 15 kuwa awa bakwai da rabi ta ƙare, kaga wanda ya san wannan ba zai bari daren Juma'a ya same shi da silinda biyu ba. Illarsa dai bidiyo ba ya sa hannunka ya san nauyin regileta, na'urar da ke daidaita fitar iska daga silinda, kuma mun san yadda ake yi, a kunna a ajiye waya a tafi sallah a dawo a danna gaba a karɓi satifiket.

Na huɗu shi ne tirenin ɗin kamfanin da ya sayar muku da inji. Wannan bai kamata ma a saye shi daban ba, a cikin kwangila ake rubuta shi tun farko, kwana nawa, mutum nawa, da littafin injin, da kayan canji na shekara nawa. In ba a rubuta ba abin da za a samu shi ne ranar ƙaddamarwa wani ya nuna maka koren maɓalli da jan maɓalli a ɗau hoto da kwamishina a watse. Yana da amfani don a kan injinku ake yi, sai dai mai kaya ba zai faɗa maka aibin kayansa ba, kuma duk amsarsa tana ƙarewa da ku kira mu.

Wanda ni na fi karkata gare shi ga yawancin asibitocinmu shi ne a ɗauko ƙwararre mai zaman kansa ya zo ya yi kwanaki a cikin asibitin, ya koyar da kowa a kan kayanku, kuɗin da zai kai mutum ɗaya waje zai iya tara masu gyara da nas-nas da masu ɗaukar silinda da mai sito a aji ɗaya. Dalilina kuwa abin da ya faru da mu ne. A wani wuri da na yi aiki an tura ogammu kwas waje, ya dawo da satifiket mai kyau aka sa a firem, ba a yi wata shida ba aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da iliminsa a ka. Wani dare kan bututu na bango a sashen yara ya fara huci, nas ta kira, muka zo mu uku da tocila muna neman bawul ɗin da zai kashe wannan sashen kaɗai ba tare da an taɓa tiyata ba, muna ta zagaye geji na sauka, ashe akwatin bawul ɗin na bayan wata kabad ɗin fayil da aka jingina shekara da shekaru, sai da muka sauke fayilolin a ƙasa muka ja ta. Allah ya kiyaye akwai silindu a kusa aka mayar da yaran kansu. Babu kwas ɗin Landan da zai gaya maka akwai kabad a wurin.

Kuma irin abubuwan da ke kashe mana inji ba su cika cikin manhajar Turawa ba. Ƙurar hunturu da ke toshe matata cikin kwanaki, wutar NEPA da ke hawa da sauka tana ƙona kwampireso, janareta da aka ajiye hayaƙinsa na kallon inda injin ke zuƙar iska, na'urar busar da iska ta lalace a ce a ci gaba da aiki haka nan alhali danshi shi ke kashe sinadarin ziyolait ɗin da ke tace oksijin, injin na ta ƙara kamar lafiya lau amma abin da ke fita ya faɗi. PSA kashi 93 ya kamata ya bayar, tsakanin 90 da 96, ƙananan injinan gefen gado kuma in suka sauka ƙasa da 82 sun tashi daga aiki, kuma ba a gane wannan da ido ko da kunne sai da na'urar auna oksijin. Mai koyarwar da ya zo ba shi da ita a jaka, ni dai ba zan biya shi ba.

Ko wanne ka zaɓa ka nemi manhajar a rubuce ka duba wuta da haɗa bututu ba daidai ba. Oksijin ba ya ci da kansa amma yana sa komai ya ci kamar fetur, iskar da muke shaƙa kashi 21 ce, ɗaki ya haura 23.5 an shiga haɗari, giris ko baƙin mai a kan regileta kaɗai ya isa, haka basilin a hancin majinyaci. A asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza silinda ta fashe a sashen masu korona ran 24 ga Afrilu 2021, mutum aƙalla 82 suka rasu. Kwana uku kafin nan a Nashik ta Indiya tankin oksijin ya yi yoyo ana cikin cika shi, iska ta yanke, fiye da mutum 20 suka tafi. A Sidni ta Ostareliya kuma a 2016, asibitin Bankstown-Lidcombe, kan bango an rubuta oksijin amma naitiros, iskar da ake amfani da ita wajen sa barci da kashe zafi, ke fitowa saboda kuskuren haɗi da rashin gwaji yadda ya kamata, jariri ɗaya ya rasu ɗaya ta samu lahani a ƙwaƙwalwa. Kwas ɗin da bai koya maka cewa bayan kowace walda sai an gwada kowane kai ɗaya bayan ɗaya kafin a sa wa mutum ba, bar shi.

Abin da na ce wa abokin nawa, tunda su PSA gare su da ɗan bututu zuwa tiyata da sashen jarirai, kowa ya yi na WHO tukuna, a kira mai koyarwa gida da mafi yawan kuɗin kuma a sa masa sharaɗin zai bar musu zanen bututu da lamba a kan kowane bawul da takardar duba inji ta kullum, masu ɗaukar silinda a yi musu nasu da Hausa. In wani abu ya ragu a tura mutum ɗaya na HTM, amma ba MD ba, ba shi Injiniyan ba ma, a tura yaron da ke kwana a ɗakin inji, a sa shi ya sa hannu zai zauna shekara uku. Ya yi dariya ya ce wannan na ƙarshen ne zai yi wuyar wucewa a mitin.