Kududdufi ko inji: wanne ya dace da tace ruwan ƙazanta na gari?

Ana yawan tambaya: garin da ke da mutum kamar dubu 100, ya haƙa kududdufan tacewa ne, ko ya kafa injin da ke hura iska cikin ruwan?

Kududdufai uku ake jerawa. Na farko mai zurfin mita 3 zuwa 4, inda laka ke kwantawa. Na biyu kamar mita ɗaya da rabi, inda gansakuka da ƙwayoyin cuta marasa illa ke cinye dattin. Na ƙarshe, mara zurfi, shi ne rana ke kashe ƙwayoyin cuta a ciki. Ruwa kan yi kwana 20 zuwa 30 kafin ya fita, ƙwan tsutsar ciki ya nutse. Kududdufi ba ya buƙatar lantarki, amma yana cin fili, ga wari idan an cika wa na farko kaya. Ciyawar gefe kuma, in ba a nome ba, gidan sauro ce.

Inji yana gama aiki cikin sa'o'i a ɗan fili, sai dai ba ya jure ɗaukewar wuta. Iska ta tsaya, ƙwayoyin da ke cinye dattin su mutu, ɗanyen ruwa ya malala kogi, kan masu noman rani da masunta. Yana kuma son ƙwararru da sinadarin kashe cuta a ƙarshe.

Dukansu ba sa jure ruwan majema mai sinadarin jima na kuromiyom, irin wanda ya addabi Kogin Challawa a Kano. Dole masana'anta ta fara tace nata.

Garin da ke da fili da zafin rana, kududdufi ya fi masa. Mai cunkoso da tsayayyar wuta, inji.