Ghana ko Tanzaniya: ina ya kamata a kai kwana 12 na tafiyar mota?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya kawo tambaya. Yana da hutun kwana 12, zai tashi daga Kano da iyalinsa, yana son tafiyar mota da za ta haɗa masa duwatsu, tsibiri da tsofaffin garuruwa, amma ya rasa wadda zai ɗauka tsakanin Ghana da Tanzaniya.

Malam, Ghana ta fi sauƙin shiga kuma zangonta gajeru ne. Tanzaniya ta fi ta dutse da tsibiri nesa ba kusa ba. Abin da zai raba gardamar shi ne saura wata nawa hutunka ya fara.

Dalili kuwa takardu. Mai fasfon Nijeriya ba ya buƙatar biza zuwa Ghana saboda ECOWAS. Tanzaniya kuwa ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ba a ba su biza a filin jirgi. Sai ka nema ta intanet, a miƙa takardunka hedkwatar shige da fice ta duba, kuma su da kansu suna ba da shawarar a nema wata biyu kafin tafiya. Kada ka yanki tikitin jirgi sai amsa ta fito. Zanzibar ma tun Oktoban 2024 ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44. Katin rigakafin shawara kuwa, ko ina ka nufa ka riƙe na kowa, har yara.

Sai batun motar kanta, kuma a nan lissafin mutane ke yawan rushewa. Gaskiya ne za ka iya kai motarka Ghana. Amma Kano zuwa Legas ya kai kilomita 1,000, wato kwana biyu da iyali a ciki. Legas zuwa Accra kimanin kilomita 460 ne, sai dai akwai iyaka uku: Seme, Hilacondji da Aflao. Kowacce sai an duba inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, an kuma yi takardar kwastan ta shigar da mota na ɗan lokaci. Yini guda ke nan cur. Zuwa da dawowa sun ci kwana shida, rabin hutun ya tafi a kan kwalta. Mu dai shawararmu, ka hau jirgi zuwa Accra ka ɗauki hayar mota da direbanta. A Tanzaniya dama haya ce dole. Can ana tuƙi ta hannun hagu, sitiyari yana dama, saboda haka ka nemi mai giya otomatik idan kai za ka tuƙa.

Mu zo kan duwatsu. Afadjato, wanda Ghana ke alfahari da shi, tsayinsa bai kai mita 900 ba, garin Jos ma ya ɗara ƙololuwarsa. Daga ƙauyen Liati Wote ake hawa, awa ɗaya ta isa. Daɗin yankin yana cikin tsanwar dajin, da sanyin garin Amedzofe, da ruwan Wli mai zubowa daga kan dutse kusa da Hohoe, wajen kilomita 220 daga Accra. Yara za su iya duk wannan, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma ka guji Disamba da Janairu in hangen nesa kake so, domin hazon hunturu yana rufe kwarin gaba ɗaya.

Tanzaniya tana da Kilimanjaro mai mita 5,895. Hawansa zuwa ƙololuwa kwana biyar ne mafi ƙaranci, ba ya shiga tsarinka. Abin da zai shiga shi ne tafiyar yini ɗaya daga ƙofar Marangu zuwa zangon Mandara a mita 2,700, tare da ɗan jagora mai lasisi. Dutsen da ya fi dacewa da mai mota ma ba shi ba ne, tsaunukan Usambara ne. Daga babbar hanya za ka karya a Mombo, ka haura kimanin kilomita 30 na kwane-kwane zuwa Lushoto, garin da Jamusawa suka kira Wilhelmstal. A gefen garin akwai bakin dutsen Irente, inda ƙasa ke yankewa a gabanka ka hango fili shimfiɗe can ƙasa. Wajen saukowa ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin ya kai Mombo zai ji ƙauri, birkin ya yi laushi ya ƙi kamawa.

Wani abu da taswirar waya ba ta faɗa maka: kowane ƙauye a kan babbar hanyar Tanzaniya gudun kilomita 50 ne iyaka, kuma 'yan sanda na tsaye da na'urar auna gudu. Darussalam zuwa Moshi, garin da ke gindin Kilimanjaro, ya haura kilomita 500, ka ware masa awa tara zuwa goma. Idan wayar ta ce awa bakwai, kada ka yarda.

Tsibiri kuwa babu gasa. A Ghana akwai Dodi a cikin tafkin Volta, jirgin yana tashi daga wajen Akosombo, galibi ƙarshen mako, don haka ka tabbatar kafin ka sa shi a rana. Akwai kuma ƙananan tsibiran Ada Foah inda kogin ke shiga teku, ana zuwa da kwalekwale mai inji. Ka ƙi shiga in babu rigar ruwa ta kowa. Duka biyun yawon yini ne. Zanzibar kuwa wurin kwana uku ne. Jirgin ruwa mai sauri daga Darussalam awa biyu ne. Ka sayi tikiti a ofishin kamfanin, ba hannun 'yan kamasho na bakin ƙofa ba, kuma ka ɗauki na safe domin da yamma teku ta fi tashi. Ka mayar da motar haya kafin ka tsallaka. Lungunan Stone Town, tsohon garin Zanzibar, ba sa ɗaukar mota, kuma tsibirin yana da nasa izinin tuƙi daban ga baƙi.

A tsofaffin garuruwa ne Ghana ke ɗaga kai. Ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da ta Cape Coast kusa da ita, suna kimanin kilomita 150 yamma da Accra. Ɗakunan da aka tsare bayi suna nan yadda suke, duhu da ƙanƙantar tagoginsu sun ishi mutum, ka yi tunani kafin ka shigar da ƙananan yara. Ka bar Accra bayan asuba don ka wuce cunkoson Kasoa. Daga nan Kumasi, da fadar Manhyia ta Sarkin Ashanti, da Zango inda za ka yi ciniki da Hausa kamar kana gida, albarkacin tsohon fataucin goro. Tanzaniya tana da Bagamoyo da kangon masallacin Kaole, sai Kilwa Kisiwani, tsibirin da Ibn Battuta ya ziyarta a 1331. Matsalar Kilwa ita ce tana kudu, fiye da kilomita 300 daga Darussalam, duwatsun kuma suna arewa. A kwana 12 ko Kilwa ko Moshi, ba duka biyu ba.

Idan hutun ya rage ƙasa da wata biyu, ka ɗauki Ghana: Accra kwana biyu, Ada ɗaya, Akosombo ɗaya, Hohoe biyu, ka dawo Accra ka kwana, Cape Coast biyu, Kumasi biyu, ranar ƙarshe ta komawa. Idan akwai lokacin neman biza kuma tafiyar ba ta faɗa cikin Maris zuwa Mayu ba, lokacin babbar damina, to Tanzaniya ce: Darussalam ɗaya, Bagamoyo ɗaya, daga nan ka bi ta Msata ka kauce wa tirelolin Chalinze, Lushoto uku, Moshi biyu. Kada ka sake tuƙo wannan doguwar hanya baya. Ka yi ciniki da kamfanin haya tun farko kan kuɗin barin mota a Moshi, ka hau jirgin sama daga filin Kilimanjaro zuwa Zanzibar, kimanin awa ɗaya, ka yi kwana uku a can, sannan ka tsallako Darussalam kwana ɗaya kafin jirginka na gida.