Shagon shirya takardun yara a unguwar Zariya ta Maraɗi: abin da na gani

Yarinyar da nake riƙo, ɗiyar ƙanena marigayi, an haife ta ne a gida a wani ƙauye kusa da Madarunfa, kuma babu wanda ya kai labarin haihuwarta wurin rajista. Dokar da Nijar ta kafa a 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai ya nemi hukuncin alƙali kafin a ba shi takarda. Ban damu da zancen ba sai da malaminsu ya ce ba za a rubuta ta cikin masu jarrabawar ƙarshen firamare ba in babu takardar haihuwa. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin shago da ke unguwar Zariya, inda ake buga takardun neman buƙata da yin fotokofi.

Mai shagon, dattijo ne mai natsuwa, ya fara da gaya mini cewa shi ba ya bayar da takardar haihuwa, aikinsa shirya wa mutum abin da zai kai gaban hukuma, ya kuma ce in tanadi shaidu waɗanda suka san haihuwar. Daga nan ya karɓi katin mahaifin da takardar makarantar yarinyar ya jera su a kan teburi, ya bi su da bakin biro harafi bayan harafi, sai ya ɗago kai ya ce: "Alhaji, nan an rubuta sunan uban da rubutun Faransanci, can kuma da na Hausa irin na Katsina, in ba a daidaita yanzu ba, ranar neman takardar zama ɗan ƙasa za ku sha wahala." Ni da na riƙe takardun nan shekaru ban taɓa lura ba. A ganina wannan dubawar ita ce ainihin abin da ake saye a shagon, domin a gari irin Maraɗi, inda dangi suke rabe tsakanin nan da Jibiya, irin wannan saɓanin ya yi yawa, kuma yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 da Nijar ta amince da ita, wadda ta ba yaro haƙƙin suna da ƙasa tun daga haihuwa, ba za ta gyara wa kowa harafi ba.

Kuɗin bai taka kara ya karya ba, fotokofi dala biyar ne, wato sefa 25, kowane shafi. Sai dai wurin ƙunci ne, benci ɗaya ne tak, mata masu goyo suna tsaye a rana, kuma da wuta ta ɗauke sai da na yi kusan awa biyu ina jira saboda ba su da janareta. Yaron da ke bugawa kuma ya yi kuskure a shekarar haihuwa, dattijon ya gano, aka sake bugawa ba tare da an ƙara mini ko dala ba. Wanda zai je ya yi sammako, ya kuma tafi da duk wata takarda mai ɗauke da sunan uba ko uwa, ko da ta tsufa ta yage.