Saiti mai 5000W ko amfilifaya da lasifika biyu: wanne kunne zai ji?

Wani ɗan'uwa ya je Sabon Gari a Kano neman kayan sauti na falo, aka ajiye masa biyu masu kusan farashi ɗaya. Na farko saiti ne mai lasifika shida, kwalinsa ɗauke da rubutun 5000W PMPO, Hi-Res da Dolby Atmos, ga wayoyi masu bakin zinare. Na biyu amfilifaya ce mai 50W RMS kowane ɓangare, da lasifika biyu na katako. Tambayarsa: cikin rubuce-rubucen nan, wanne ake ji a kunne?

Malam, mu fara da watt. PMPO, wato ƙololuwar ƙarfin da ake iƙirarin na'ura na kaiwa na ɗan ƙiftawar ido, ba shi da ƙa'idar awo, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Juya na'urar ka duba bayanta inda aka rubuta wutar da take sha. In 80W take ja daga soket, daga ina za ta samo 5000W? RMS kuwa ƙarfin da amfilifaya take iya ci gaba da bayarwa ne. Shi ma kar ya ruɗe ka: ninka watt sau biyu desibel (dB, ma'aunin ƙara) 3 kawai yake ƙarawa, sai an ninka shi goma kunne ke jin ƙara ta ninku biyu. Shi ya sa lasifikar da ke bada 90 dB da watt ɗaya, in an sa ta a kan 50W, take kamo mai bada 87 dB a kan 100W.

Waya mai tsada da ta mai gyaran wuta: a nan babu abin ji. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5mm², mita biyar zuwa da biyar dawowa, turjiyarta kusan 0.12 ohm ce. A kan lasifika mai 8 ohm ko kashi biyu cikin ɗari bai kai ba. Zinaren bakin filogi tsatsa yake hanawa, shi ke nan aikinsa. Abin lura shi ne jabu: kankare wayar da reza, in cikinta fari ne to alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, turjiyarta ta fi yawa, kuma tana karyewa a wurin ɗauri.

Hi-Res, wato sautin da aka naɗa da ma'aunin da ya fi na faifan CD, ma haka. Ma'aunin faifan CD, 44.1 kHz, yana ɗaukar siririn sauti har 22 kHz, alhali kunnen yaro a 20 kHz ya tsaya, na magidanci kuwa ya sauko ƙasa da haka. Bambancin da ake ji da gaske yana tsakanin waƙar da aka matse zuwa 64 kbps aka yi ta yawo da ita a Xender da mai 320 kbps. Lasifika mai kyau ma tona asirin ta farkon take yi.

Atmos, fasahar da ke sa a ji sauti har daga saman kai, gaskiya ne, amma da sharaɗi. Ƙananan saiti sama suke harba sautin ya daki silin ya dawo, don haka suna son silin shimfiɗaɗɗe. Namu na fi'ofi (POP) mai hawa-hawa, ga fanka tana juyawa a tsakiya, watsa shi yake yi. Kuma yawancin abin da muke kunnawa, karatun malamai, rediyo, fina-finan YouTube, ba da Atmos aka haɗa su ba.

Inda kuɗi yake fitowa a kunne shi ne jikin lasifikar. Ƙwanƙwasa akwatin da ɗan yatsa. Na roba zai amsa kamar gwangwani, kuma wannan amon yana bin kowace murya. Na katako mai kauri shiru zai yi. An raba kuɗi ɗaya gida shida a saitin farko, gida biyu a na biyun.

Sai ɗakin, wanda masu shago ba sa ambata. Tsaya tsakiyar falo ka tafa hannu sau ɗaya. In tayil ne a ƙasa, bango siminti, za ka ji tafin ya yi jela. Wannan jelar ce take cakuɗa magana. Kafet tsakaninka da lasifika, da labule mai kauri daga Kantin Kwari, sun fi kowace waya gyara sauti. Nisan lasifikan biyu ya zo daidai da nisansu da kujerarka, tuwita (ƙaramin bakin lasifika mai fitar da siririn sauti) a saitin kunne, ka janye su kamar santimita 40 daga bango. In ka cusa su a kusurwa, bas ɗin, wato sauti mai kauri, zai kumbura ya danne murya.

Abin da ke kashe kaya a Kano uku ne. Ƙure ƙaramar amfilifaya har sauti ya fara ƙarce, wanda ke ƙona tuwita. Ƙurar hunturu da ke toshe ramukan shan iska, sai zafin Afrilu ya ƙarasa aikin, musamman in an kulle na'urar cikin kabad. Sai hawa da saukar wuta da janareto: sitabilaiza a nan kariya ce, ba ta ƙara daɗin sauti.

In za ka koma, tafi da filashinka mai karatu da waƙar da ka sani sosai. Sa a daidaita ƙarar biyun, domin wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne yakan zama kamar ya fi daɗi, kuma 'yan kasuwa sun san haka. Saurari harafin "s" da numfashin mai karatu. In ba fina-finan yaƙi ne abincinka na kullum ba, ɗauki na biyun, sannan ka sayi kafet.