Ɗaga mama ko sa silikon? Amsa ga Hajiyarmu ta Jidda

Hajiya, kin ce shekararki 53, al'ada ta ɗauke shekara biyu ke nan, mama ya zube, kuma wata asibitin kwalliya ta ba ki zaɓi biyu: ko a ɗaga, ko a sa silikon, wato wata 'yar jaka mai taushi da ake cusawa cikin mama. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin tiyatar mata a nan Jidda, don haka ga abin da na gani da idona.

Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin estirojin yana raguwa. Naman da ke samar da nono sai ya motse, kitse ya maye gurbinsa, fata ta saki. Mafi yawan matan da suka kai shekarunki, fata ce matsalarsu.

Tiyatar ɗagawa a kan fatar take aiki. Likita zai yanke rarar, ya mayar da kan mama sama, ya ɗinke. Girma ba zai ƙaru ba, wani lokaci ma sai ki ga kamar ya ragu. Tabo kuwa dole ne: zagaye da kan mama, ya gangaro ƙasa, wasu har ƙarƙashi. Mu masu baƙar fata mu kula, tabonmu yakan kumbura ya yi tauri. Idan hujin kunnenki ko ɗinkin haihuwa ya taɓa yin haka, ki faɗa wa likita tun ranar farko. Amma da zarar ya warke, babu wani baƙon abu da aka bari a jikinki.

Silikon cikawa yake yi, ba ya ɗagawa. A sa shi cikin fatar da ta riga ta saki, nauyi aka ƙara mata. Shi ya sa sau da yawa ake haɗa shi da ɗagawa, aiki ya zama biyu. Kuma ba abin dindindin ba ne. Hukumar magunguna ta Amurka tana ba da shawarar a ɗauki hotonsa bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan duk shekara 2 zuwa 3, don yakan fashe shiru mace ba ta sani ba. Jiki kuma yakan yi masa kube mai tauri ya matse shi har ya yi zafi. A 2019 kamfanin Allergan ya janye irinsa mai kaushin baya saboda alaƙarsa da wata cutar daji da ba a cika samu ba. Ki lissafa, Hajiya: idan aka sa yanzu, wataƙila ki sake kwanciya a gadon tiyata kina kusan saba'in. Ni wannan ne yake tsaya mini a rai.

Akwai na uku da ba su ambata miki ba, wato ragewa. Na yi jinyar wata baiwar Allah da igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗu biyu, ƙarƙashin mama kullum a saɓule saboda gumin Jidda, ruku'u ma da ƙyar. Ita da aka rage mata, magani aka yi mata, ba ado ba. Wannan bambancin malamai ma sun yi shi: Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke nan Jidda, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar da ke kawar da cuta ko gyara nakasa, ta hana wadda ake yi don ado zalla. Ki kai wa malamin da kika amince da shi bayanin halinki yadda yake.

Da ni ce, idan nauyi da ciwon baya ke damuna, ragewa zan nema. Idan zubewa ce kawai kuma malam ya ba da hanya, ɗagawa. Silikon shi ne na ƙarshe.

Ko wanne kika zaɓa, ki fara yin hoton mama na binciken daji, wanda Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ke kira a fara tun shekara 40. Suga da hawan jini su daidaita kafin ranar. Idan kina shan ƙwayar estirojin ki faɗa, tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Ki duba ko likitan yana da rajista da hukumar ƙwararrun lafiya ta ƙasar. Sannan ki ware kamar sati shida: babu ɗaukar jika, babu ɗaga jarkar Zamzam, Umra ma ki jinkirta ta saboda turereniyar ɗawafi.

Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Idan sakamakon hoton ya fito, ki sanar da ni.