Shagon ejan a Wuse Zone 4: ya san aikinsa, amma sai ka tsaya a kansa

Sau biyu na kai aiki wannan shagon na ejan biza da tikitin jirgi, shi ya sa nake ganin na isa in ce wani abu a kansa. Yana Wuse Zone 4, a saman bene, bayan layin 'yan canji. Wanda ya taɓa bi ta wurin ya san yadda ake yi: tun ba ka gama ajiye mota ba an yi maka caa, wannan na “Alhaji, dala ce ko fam?” wancan na ƙwanƙwasa gilashi. Sai ka ratsa su ka hau matakala. Ɗaki ɗaya ne aka raba da katako, kwamfuta uku, fanka, da benci mai cin mutum huɗu in sun matsu. Ba zan kama suna ba, don akwai inda zan yi suka.

Zuwana na farko a 2024 ne, lokacin da wurin aikinmu suka tura ni Nairobi horo na mako guda. A watan Janairun shekarar Kenya ta ce ta soke biza, ni kuwa da na ji haka a rediyo sai na ɗauka fasfo da tikiti sun ishe ni. Ashe an sauya mata riga ne kawai. Sai ka nemi izinin shiga ta intanet, wanda suke kira eTA, ka biya wajen dala 30, ka tura hoton shafin fasfo da hoton fuskarka da tikiti da shaidar masauki, sannan ka jira kamar kwana uku. Na gwada da kaina a waya cikin dare. Shafin da ya fara fito mini a Google har da tutar Kenya, amma kuɗin da ya nema ya kusa ninka wancan sau uku. Jikina bai ba ni ba, na rufe, da safe na nufi Zone 4.

Mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, bai ko karɓi wayar daga hannuna ba. Leƙowa ya yi ya ce, “Malam, dubi wutsiyar adireshin. Na gwamnatin Kenya da go.ke yake ƙarewa, na Birtaniya da gov.uk. Wannan dillali ne irina, sai dai ni ka san inda za ka same ni.” Shi ne kuma ya fahimtar da ni abin da ban taɓa lura da shi ba duk da na sha hawa jirgi: iyakar ƙasa ta farko ba a can take ba, tana nan filin jirgin Nnamdi Azikiwe, a kantar da ake auna kaya. Ma'aikaciyar da ke karɓar fasfonka tana duba wani kundi na kwamfuta mai suna Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, shi ke gaya mata abin da mai fasfo kaza yake bukata kafin ya shiga ƙasa kaza. In kamfani ya kwashi mutumin da takardunsa ba su cika ba, shi za a ci tara, shi zai dawo da shi. Don haka roƙo da “don Allah, 'yar'uwa” ba sa aiki a wurin.

A ranar ne kuma na ga raunin shagon. Dattijon ba shi ke buga bayanai ba, wani yaro ne, hannu ɗaya kan kwamfuta, ɗaya kan wayarsa. Lambar fasfona da harafin B ta fara, shi kuwa ya buga 8. Allah ya sa ina tsaye a bayansa na ce a karanto mini kafin a biya. Irin wannan izini a jikin lambar fasfo yake manne. Harafi ɗaya ya kauce, ya zama na wani mutum da babu shi a duniya, sai ka sake nema ka sake biya. Yaron ko a jikinsa, ya goge ya gyara kamar ba a yi komai ba. (A 2025 Kenya ta ɗauke wa yawancin 'yan Afirka wannan sharaɗi, saboda haka in wani ya ce ka kawo kuɗin eTA na Nairobi da koren fasfonmu na Najeriya, ka bincika tukuna.)

Aiki na biyu shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Da daminar 2025 taubashiyata da ke aure a Manchesta ta kusa haihuwa, cikin fari, Gwaggo kuma ta rantse ba wanda zai yi wa 'yarta wankan jego sai ita. Taubashiyar tawa ta bugo waya da murna, wai an sauƙaƙa shiga Ingila, yanzu izinin shiga da suke kira ETA ake yi a waya, fam 16, minti goma an gama, wata maƙwabciyarta ta yi wa ƙanwarta. Gwaggo ta riƙe wannan magana gam. Tun daga Kubwa har Wuse, cikin cunkoson safe, lissafin fam 16 take yi mini, tana cewa kar in bari a cuce ta.

Mai shagon ya bar ta ta kai aya, sannan ya ce, “Hajiya, ƙanwar maƙwabciyar nan, fasfon wace ƙasa take riƙe da shi?” Aka buga waya aka tambaya. Na Amurka ne.

“To kin ji. Wannan ETA ɗin ba biza ba ce, kuma ba tamu ba ce. An yi ta ne don mutanen da dama can ba sa bukatar biza su shiga Birtaniya. Da 'yan Katar aka fara a 2023, Amurkawa suka shiga a Janairun bana, Turawan Turai a Afrilu. Da fam 10 ce, ta koma 16. Mai koren fasfo, Hajiya, biza zai nema, cikakkiya.”

Gwaggo ta ce, “Alhaji, ko da ƙarin wani abu, ba yadda za a yi?”

Ya yi dariya ya ce akwai masu karɓar kuɗinta a kan haka, har su buga mata takarda mai tambari, amma iyakar takardar ƙofar filin jirgi. Ya ƙara da cewa haka ESTA ta Amurka take, haka eTA ta Kanada: sunayen ne ke ruɗar mutane, babu ɗaya da ɗan Najeriya zai shiga da ita da fasfonsa na gida. A nan mutumin ya saye ni. Ya ga tsohuwa da kuɗi a jaka, da zumuɗin jika, ya zaɓi ya ɓata mata rai da gaskiya.

Sai aka kama hanyar bizar ziyara ta wata shida, fam 127 a lokacin. Takardar gayyata daga mijin 'yar, bayanan asusun banki, shaidar gidanta da fanshonta don a ga tana da abin da zai dawo da ita, sai ranar zuwa cibiyar da ake ɗaukar hoto da zanen yatsu. Ya hana mu abu ɗaya da har na fara shiryawa, wato in zuba mata kuɗi masu kauri a asusu ana saura mako guda. Ya ce kuɗin da suka faɗo rana tsaka ba a san daga ina ba sun fi asusu mai ɗan kaɗan jawo tuhuma. Biza ta fito cikin mako uku da 'yan kwanaki.

Wajen tikiti ma ya cece ni. Na samo mai sauƙi da kaina, Abuja zuwa Frankfurt, a sauya jirgi zuwa Manchesta, na zo ina taƙama. Ya ce araha ba ta ado. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da mutanensu ke bukatar bizar yada zango a filayen jirgin ƙasashen Turai na Shengen, har da Jamus inda Frankfurt yake, ko da ba za ka leƙa waje ba, ko da awa biyu za ka yi a kan kujera. Mai bizar Amurka ko Kanada ko Japan an ɗauke masa, amma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai bizarta ta daina wannan amfani. Ya mayar da ita ta Doha. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ɗan ƙaru, amma ba wanda zai tare ta.

Yanzu ga inda muka saɓa. Da imel ɗin shago suka cika takardar Gwaggo, ba su tambaye mu ba. Duk saƙon da ya zo, wurinsu yake zuwa, sai yaron ya ga dama ya duba. Saƙon cewa fasfo ya dawo kwana biyu ya yi a akwatinsu, mu muna gida Gwaggo ta hana kowa barci. Da na yi magana sai aka ce ai yawancin masu zuwa ba su da imel. To ni ina da shi, me ya hana a tambaya?

Sai lissafi. Kuɗi ɗaya dunƙule suke faɗa maka a naira, ba a ware na gwamnatin Birtaniya daban, na canji daban, ladan aikinsu daban. Sai da na zauna da biro na matsa, sannan ya fito cewa ladansu naira 40,000 ne, canjin kuma sun ɗora shi sama da abin da ake sayarwa a ƙasan benen nan nasu. Ladan ban yi ƙorafi ba, ya ci kuɗinsa. Ɓoyewar ce ba na so. Rasit ma sai da na roƙa, aka yago takarda aka rubuta da hannu. Kuma in an ce maka ƙarfe goma, ka zo da abin karyawa; ranar Juma'a kuwa kar ma ka soma.

Duk da haka benci ba ya rabuwa da mutane. Ranar ƙarshe na tarar da wani ɗan kasuwa ya zo neman yadda baƙonsa ɗan Sin zai shigo, ana yi masa bayanin cewa Najeriya ma tun Mayun 2025 ta koma biza ta intanet a madadin wadda ake bugawa in an sauka. Zan koma, zan kuma tura mutum, da sharaɗin ya ba da imel ɗinsa, ya karanta lambar fasfonsa da bakinsa kafin a biya, ya ce a ware masa kuɗi gida-gida.

Da muka je karɓar tikiti, dattijon ya tambayi Gwaggo tsarabar da ta haɗa. Ta lissafo yajin jego, kuka, kilishi da man shanu. Ya ce nama da kayan madara ba sa shiga Birtaniya daga nan, ta sauke su tun a gida. Ta yi ta faɗa har muka sauko bene, wai wace irin ƙasa ce mai jego ba za ta ci man shanu ba. Ta sauka Manchesta ana saura kwana tara haihuwa, an samu mace. Kilishin kuwa a gidana ya ƙare.